Kaji goma sha biyu da rigimar mazubin ruwa

Kajin yayata goma sha biyu ne, sai zakara ɗaya. Masu ƙwai ne. A bayan gida take kiwonsu, cikin akurki mai rufin kwano da ɗan filin da aka kewaye da waya inda suke fitowa su yi tone-tone da birgima. Ba ta wasa da abincinsu, rigakafi ma ba ya wuce ta. Duk da haka wata rana ta kira ni hankali a tashe, wai kajin sun ƙi daɗi: biyu suna zawo, ɗaya ta takure a lungu ta saki fukafukai, ƙwai kuma ya ja baya. Duk zarginta ya tafi kan sabon buhun abincin da ta buɗe a makon. Ni ma da na ji a waya, abin da na ɗauka ke nan.

Ina shiga akurkin, hancina ne ya fara ba ni labari. Wani wari mai yaji ya doke ni har idona ya kawo ruwa. A tsakiyar ɗakin ga wata tsohuwar roba mai faɗi, irin ta wanki, ajiye a ƙasa. Ruwan ciki ya yi duhu, dusar katako na yawo a sama, a ƙasa kuwa laka ce ta kashi da burbushin abinci. Ina tsaye wata kaza ta taka bakin robar, ta tsoma ƙafa ɗaya ciki, ta sha, ta juya ta yi kashi daidai inda ta sha, ta wuce abinta. Na sa yatsa na shafi cikin robar, santsi kamar an goga sabulu. Shimfiɗar da ke kewaye da ita kuwa ta jiƙe sharkaf, ta dunƙule, in ka taka sai ta manne maka a takalmi.

"Yaya, yaushe aka canza ruwan nan?"

"Da safen nan fa. Da hannuna na zuba."

Ba ƙarya ta yi ba. Ruwan bai fi awa uku da zubawa ba. Matsalar ba ƙazantar mai kaji ba ce. Mazubin ne ba zai taɓa riƙe tsafta ba, ko sau biyar za a canza ruwan a yini.

Abin da ruwan nan yake jawowa

Mai kiwo yakan sa ido kan abinci saboda shi ne yake cin kuɗi, ruwa kuwa sai a ɗauke shi kamar ba komai ba. Alhali kaza mai ƙwai tana cin abinci wajen giram 110 zuwa 120 a rana, ruwan da take sha kuwa ya kusa ninkin hakan a nauyi, wato kimanin rubu'in lita. In gari ya yi zafi tana iya ninka wannan. Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta yana kusa da digiri 41, kuma hanyar da take sanyaya kanta ita ce haki, baki buɗe, wanda shi ma ruwan jiki yake tafiya da shi. Ga ƙwai, wanda kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ɓawonsa ruwa ne, kuma jikinta yana harhaɗa guda ɗaya cikin awa 24 zuwa 26. Shi ya sa in ruwa ya yanke mata na yini guda, ba washegari kaɗai za a gani a kwandon ƙwai ba, sai a yi makonni ana jiran ta dawo daidai.

Ruwa ba ya tsami banza, zawon kajin nan ma da dalilinsa. Likitan dabbobin da ya duba su ya ce koksidiyosis ce, cutar hanji da wasu ƙananan halittu masu suna Eimeria ke haddasawa. Ƙwayayen cutar suna fita ta kashi, amma a lokacin da suka fito ba su isa kama wata kazar ba tukuna. Sai sun samu danshi da ɗumi da iska na kwana ɗaya zuwa biyu sannan su nuna. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗar da ke gefen robar nan ita ce gonarsu. Kaza ta tona, ta watsa cikin ruwa, 'yar'uwarta ta sha. Warin da ya doke ni kuwa amoniya ce, da ke tashi in kashin kaji ya haɗu da lema. Tana cin idon kaza da hanyar numfashinta, kuma ita kazar hancinta ya fi namu kusa da ƙasa, a ciki take kwana. Likitan ya ba da maganin amprolium na sakawa a ruwa, ya kuma ce in ba a busar da ɗakin ba za a sake kiransa.

Akwai wani abin da na lura da shi a filin waje. Wata robar da yayata ta ajiye a can ta zama mashayar kowa: tsuntsayen dawa suna sauka su sha su yi wanka, da dare kuma ɓeraye. Murar tsuntsaye ta irin wannan hanyar take shiga gida, ta kashin tsuntsayen waje da ke faɗawa cikin ruwa ko abinci. Ruwan da ya kwana a buɗe na mako guda kuwa ya ishi sauro ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe har ya tashi.

Kafin mu sayi komai sai muka zauna muka duba yadda gidan yake, domin mazubin da ya dace da wani ba lalle ya dace da kai ba. Yayata takan fita aiki da safe sai yamma. Ɗanta mai shekara goma sha ɗaya shi ke kula da ruwan in ba ta nan, saboda haka duk abin da za a kawo dole ya zama yaro zai iya cika shi ba tare da ya yi wa kansa wanka ba. Babu famfo a kusa da akurkin, da bokiti ake kai ruwa. Rana kuma takan faɗo wa rabin filin daga azahar.

Dirinka ta kifawa

Ɗora robar a kan bulo shi ne gwajin farko, kuma bai kai yini biyu ba. Tonon ya ragu, amma kajin suka mayar da bakinta wurin hawa. Kaza in ta hau abu, wutsiyarta ce ke kallon ciki.

Daga nan muka koma ga abin da kowa ya sani, dirinkar roba da ake cikawa a rufe da faranti a kifa. Dabararta mai sauƙi ce: ruwa yana sauka cikin farantin har ya rufe 'yar ƙofar da yake fitowa, iska ta kasa shiga tulun, sai ya tsaya. Kaza ta sha, ruwan ya ja ƙasa, iska ta shiga da ɗan ƙarar ɓul-ɓul, wani ya sauko. Muka rataye ta da igiya yadda bakin farantin zai zo daidai gadon bayan kaza. Wannan tsayin yana da muhimmanci. Kaza ba ta zuƙar ruwa kamar tattabara, ɗiba take da baki ta ɗaga kai ya gangara, don haka in mazubin ya yi ƙasa rabin abin da ta ɗiba a shimfiɗa yake ƙarewa.

Gaskiya an samu sauƙi. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Farantin har yanzu a buɗe yake, kuma duk kazar da ta taso daga wurin abinci da gari a baki, nan take wanke shi. Kafin yamma ya zama kunu-kunu. In zakaran ya bangaje ta ta karkata, sai ruwan ya yi ta tsiyaya ta gefe ɗaya har tulun ya ƙare. Robar fara ce mai barin haske ya ratsa, cikin mako guda gansakuka ta fara kore cikinta. Babban abin da ya kashe mata kasuwa a gidan kuwa shi ne kifawar. Lita goma kilo goma ne. Na ga yaron nan da idona ya rungumo ta, ya juya, farantin ya kuɓuce, ruwan duka ya kwarare a ƙofar akurkin da muke ta fama mu busar.

An ba mu shawarar ta ƙarfe mai rufin zinki, wai ta fi ƙarko kuma haske ba ya shiga. Haka ne. Sai dai yayata tana cikin masu ɗiga wa kaji ruwan khal (ruwan tsamin nan da ake kira binega) a ruwan sha, shi kuwa tsami yana cin zinki ya narkar da shi cikin ruwan, kaji su sha guba. Ga nauyi, ga tsatsa in rufin ya goge. Muka bar ta. (Ni dai ban ga abin da ruwan khal ɗin ke yi wanda wanke mazubi ba ya yi ba, amma wannan gardama ce tsakanina da ita da ba ta ƙare ba har yau.)

Ƙananan kofunan nan da ake ɗaurawa a jikin bokiti, masu cika kansu, ba mu daɗe a kansu ba. Kaji suna gane su nan take saboda suna ganin ruwan. Amma kofi ma faranti ne, ƙarami kawai. Ƙura da garin abinci suna taruwa a ciki, kuma wanke kofi huɗu ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori ba aikin da za a dogara da yaro ya yi kullum ba ne.

Bokiti mai nipul

Abin da muka tsaya a kai shi ne bokiti mai murfi da aka sa wa nipul. Nipul ɗan bututu ne mai tsinken ƙarfe a tsakiya. Kaza ta taɓa tsinken da baki, ɗigon ruwa ya fito, ta saki ya rufe. Ruwan yana cikin bokiti a rufe, babu kashi, babu ƙura, babu tsuntsun dawa, babu sauro. Irinsa manyan gonaki ke amfani da shi a jere a jikin bututu, inda sukan ware guda ɗaya ga kaji wajen goma.

Iri biyu ne. Akwai na tsaye da ake sawa a gindin bokiti yana kallon ƙasa, wanda sai an rataye bokitin sama da kan kaza yadda za ta ɗan miƙa wuya. Ba a iya ajiye shi a ƙasa ko don a cika, kuma in ɗan tsakuwa ya maƙale masa sai ya yi ta ɗiga. Akwai na gefe da ake ɗaurawa a jikin bokitin, mai sifirin da ke mayar da tsinken ya rufe, da ɗan leɓe a ƙasa mai tare ɗigo. Na gefen muka ɗauka, don kawai bokitin zai zauna daram a kan bulo, yaron ya buɗe murfi ya zuba ya rufe. Babu ɗagawa, babu kifawa.

Wajen zaɓen bokitin na ɗan yi taurin kai. Yayata ta so mu huda wata jarka da take da ita. Na tambaye ta me aka taɓa zubawa a ciki, ta ce ba ta tuna ba. Wannan kaɗai ya isa a bar ta, domin roba tana riƙe abin da ta sha, kuma jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur ko fenti ba ta wankuwa. Amma ko da sabuwa ce da ban yarda ba, saboda bakinta. Duk mazubin da hannunka da soso ba za su shiga su taɓa kowane lungu nasa ba, ba za ka taɓa wanke shi ba, girgizawa kawai za ka riƙa yi kana yaudarar kanka. Muka samo bokitin lita 20 na robar da ake zuba abinci, mai lamba 2 a cikin 'yar alamar kusurwa uku da ke gindinsa, mai duhun launi da haske ba ya ratsawa.

Na huda ramuka huɗu a kewaye, kamar yatsa biyu sama da gindi, domin duk laka ko yashin da ya shiga ya kwanta a ƙasa bai toshe nipul ba. Girman ramin sai a bi abin da aka rubuta a jikin kwalin, in ya yi faɗi ko da kaɗan ne zai yi yoyo. Huɗu ga kaji goma sha uku ya wuce lissafin manyan gonaki, amma na yi haka ne saboda halin kaji. Akwai manya a cikinsu da in suka tsaya a wuri ba mai matsowa, kuma ƙaramar da ake tsangwama sai ta haƙura da ƙishirwa. In nipul yana ta kowane ɓangare, babba ba za ta iya tsare duka ba. Muka jera bulo har nipul ɗin ya zo daidai kan kaza in tana tsaye, a inuwa, muka kifa wani tsohon mazurari a kan murfin don kada a hau.

Koyarwar ba ta yi wuyar da na zata ba. Mun zaɓi safiyar da babu zafi, ranar da yayata ke gida, muka kwashe duk wani ruwa. Wannan dole ne, domin muddin kaza na ganin ruwa a buɗe ba za ta kula da tsinke ba. Na tsuguna ina taɓa tsinken da ɗan kara yana ɗiga. Jan launin nipul ɗin da ƙyallin ƙarfen suka jawo wata baƙar kaza mai shisshigi. Ta karkata kai ta kalla da ido ɗaya, ta kai sara, ruwa ya fantsar mata a baki, ta ja da baya kamar an mare ta. Ta sake dawowa. Sara na uku sai ga ta tana ɗaga kai tana haɗiya. Kafin azahar yawancinsu sun bi sahu. Biyu sai da na kama su na taɓa bakinsu a jikin tsinken. Yayata ta zauna a kujera da takarda tana yi wa kowace kaza alama in ta ga ta sha, kuma ba mu tashi ba sai da lissafin ya cika.

Inda muka kusa yin asara

Kwana huɗu komai lafiya. A na biyar yayata ta dawo da yamma ta tarar da kajin sun yi cirko-cirko a gindin bokitin suna haki, suna ta saran tsinke. Ta buɗe murfi, bokiti cike da ruwa. Tana buɗewa kuwa ta ji ya yi "fuu", nipul suka fara ɗiga.

Laifina ne. Murfin irin mai kamawa gam ne, kuma ban huda masa ƙofar iska ba. Kwanakin farko yaron yana ɗora shi ne sama-sama, iska na shiga. Ranar nan, don ya burge uwarsa, ya danna shi ya kama ta ko'ina. Ruwa ya ɗan ragu, iska ba ta samu hanyar maye gurbinsa ba, sai ya tsaya cak. Dabarar da ke riƙe ruwa a dirinkar kifawa, ita ce ta hana kajin nan sha yini guda. Ƙusa ɗaya da na ɗora a wuta na huda murfin ta magance matsalar, amma ƙwai ya sake ja baya na wasu kwanaki.

Wannan ranar ce ta sa na fahimci cinikin da muka yi. Buɗaɗɗiyar roba ƙazama ce, amma ba ta ɓoye komai, daga ƙofa za ka hango ko da ruwa ko babu. Rufaffen bokiti yana da tsafta, amma in ya lalace shiru yake yi. Zai iya toshewa yana cike, zai iya ƙarewa ba wanda ya sani. Tun daga ranar muka kafa doka: duk wanda ya shiga da safe sai ya taɓa nipul huɗun nan da yatsa ya ga ɗigo. Na kuma zana layuka a cikin bokitin, lita biyu-biyu. A ranar da babu zafi kajin sukan sha wajen lita huɗu. In aka wayi gari ruwan bai motsa daga layinsa ba, to ko nipul ya toshe ko kajin ba su da lafiya, domin kaza takan rage shan ruwa kafin a ga wata alama a jikinta. In kuma ya sauka fiye da kima, a duba ƙasa, akwai yoyo.

Kuskure na biyu ya zo a hankali. Da aka ga ruwa garai-garai kullum, sai aka koma ƙari kawai ake yi, ba a juyewa. Bayan kamar mako uku na zo na sa hannu, sai ga santsin nan na tsohuwar roba ya dawo, a jikin bokitin da idonka zai rantse tsaf yake. Wannan yauƙin gidan ƙwayoyin cuta ne da suke ginawa a jikin duk abin da ruwa ya daɗe a ciki, kuma ɗauraya ba ta fitar da shi sai an goga. Girman bokitin ne ya jawo sakacin. Sai muka daina cika shi. Ruwan kwana biyu kawai ake zubawa, ya ƙare a juye ragowar a zuba sabo. Sau ɗaya a mako a goge shi da soso da sabulu, a jiƙa shi da ruwan bilic mai rauni na 'yan mintuna, a ɗauraye har warin ya tafi, a taɓa kowane tsinke ruwa mai tsafta ya bi ta ciki. Sabon ruwa kuma ya fi sanyi, kaji kuwa in ruwa ya ɗume sai su rage sha daidai lokacin da suka fi buƙatarsa.

Tsohuwar dirinkar ba mu jefar ba, kuma da mun jefar da mun yi nadama. Garin bitamin da magunguna masu zaƙi suna barin danƙo da ke toshe nipul ya kuma ciyar da yauƙin nan, saboda haka duk abin da za a jiƙa wa kaji a dirinkar ake ba su, a wanke ta bayan an gama. Haka ranar rigakafin cutar Newcastle, irin na LaSota da ake sawa a ruwa. Ƙwayar rigakafin mai rai ce, kulorin ko ragowar bilic na kashe ta, kuma ana so kajin su shanye cikin awa ɗaya zuwa biyu. Wannan sai a buɗaɗɗen mazubi inda duka za su sa baki lokaci guda. A ranakun da zafi ya tsananta ma yayata takan fito da ita ta rataye a inuwa da rana tsaka, domin kazar da ke haki ba ta da haƙurin ɗigo-ɗigo, so take ta tsoma baki ta sha da yawa. Da yamma a ɗauke.

Akwai kuma tsohuwar kaza guda mai karkataccen baki da har yau nipul yake ba ta wahala. Tana sara, amma rabin ruwan a wuyanta yake gangarewa. Saboda ita na cire nipul ɗaya na sa kofi a gurbinsa, wanda yaron ke ɗaurayewa kowace safiya. 'Yan tsakin da aka ƙyanƙyashe daga baya kuwa da ƙaramar dirinka aka fara musu, an zuba tsakuwa a farantin don kada su faɗa su nutse, sai da suka yi ƙwari aka saukar musu da nasu ƙaramin bokitin.

Zuwana na ƙarshe na tsuguna a inda robar nan take a da, na damƙi shimfiɗar na matse. Ta warware a hannuna ta zube, a bushe. Yaron ya shigo da bokitin ɗiban ruwa, ya bi nipul ɗin ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, ya leƙa layin da ruwan ya tsaya, sannan ya ɗaga murya ya ce wa uwarsa jiya sun sha lita biyar.